Awon Saifa

Likitan da ya fara duba 'yata ta fari wani dattijo ne Bayarabe, yana da ɗan asibitinsa a bayan shataletalen Mokola, ɗaki uku a saman shagon wani tela. Daga gidanmu a Sabo, unguwar Hausawa, da ƙafa muke zuwa. Ya daɗe yana aiki a Arewa kafin ya dawo gida, saboda haka yana jin Hausa, ko da yake harshensa bai taɓa miƙewa ba. Shi ya gaya mana sunan ciwon, lokacin da hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura tana wata takwas. Ya ce sikila ce, a jini take, ba a rabuwa da ita, sai dai a yi ta lallaɓawa.

Da aka yaye ta sai surukata ta ɗauke ta, kamar yadda ake yi. Gida ɗaya muke, ɗakinta yana kallon nawa, igiyar shanya ce kawai a tsakani. Amma 'yar fari ce. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane, ba na tambaya ko ta ci abinci. In ta faɗi a tsakar gida ina gani, ci gaba nake da tankaɗe har wata ta zo ta ɗaga ta. Haka uwata ta yi da yayana, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ta son shi. Yarinyar ta tashi tana ce wa kakarta Inna, ni kuma tana ce mini Yaya.

Maigidana harkar goro yake yi, rabin wata yana kan hanya, don haka ranar asibiti mu uku muke tafiya. Inna a gaba da yarinyar a bayanta, ni a baya riƙe da kati da gorar ruwa. In mun shiga Inna ce mai magana. Likitan yakan saurare ta har ta gama, har da labarin ciwon gwiwarta. Sannan ya rubuta takarda ya miƙa mata.

"Hajiya, taimaka ki kai wa nas da kanki. Ki tsaya a kanta, 'yan matan nan sai sun ga babba suke aiki."

Inna takan fita tana cewa ai gaskiya ne, yaran yanzu sai a hankali. Da ƙofa ta rufu sai ya sunkuyar da kai kan katin, ba ya kallona, ya ce, "To, mai rakiya, me kika gani?"

Ni ma ba na kallonsa. Bango nake gaya wa. Kwana nawa ta yi tana ɗingishi, wane kalar fitsari take yi, ranar da ta bar rabin kokonta. Inna tana son yarinyar fiye da ranta, amma idonta ya fara rauni, kuma a wajenta kowane ciwo zazzaɓi ne ko haƙori. Ina jin ta gane dabarar likitan tun da wuri. Ba ta taɓa nunawa ba.

A irin waɗannan 'yan mintoci ya koya mini abin da na sani. In ja fatar idonta ta ƙasa in duba, ja ne ko fari. In buɗe tafin hannunta in gwada da nawa. Sannan ya kama yatsuna ya ɗora a cikinta, ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ya ce in danna a hankali har in ji wani abu mai tauri. Ya ce wannan ce saifa.

"Yatsa biyu nata ne, da shi take yawo. In kika ji ya kai huɗu, saifar tana shanye jininta ke nan. Ba a kwana, ba a jira maigida ya dawo. Kin ji?"

Na ce na ji.

Kullum da hantsi Inna takan shiga wanka, kuma tana daɗewa. A lokacin nake yafito yarinyar da guntun ƙuli-ƙuli, don sana'ata ke nan a cikin gida, ƙuli da man gyaɗa. Sai in ja ta bayan ƙofar ɗakina in kwantar da ita a tabarma.

"Yaya, cakulkuli kike mini."

"Yi shiru, mai bakin tsiya. Ɗaga rigar."

Yatsa biyu. In sake ta ta fita da ƙulinta.

Tana shekara biyar likitan ya bar aiki. Ranar zuwanmu na ƙarshe, bayan Inna ta fita, ya ja fatar idon yarinyar ya daɗe yana dubawa, ya juya ta wajen taga, ya sake dubawa. Sai ya ce in zo in gaya masa abin da na gani. Na ce ja ne, ba laifi. Ya gyaɗa kai. Da Inna ta dawo ya gaya mana cewa idonsa ya tafi, ƙarshen wata zai rufe wurin ya koma garinsu.

Inna ta ce, "Ikon Allah. Likita, ashe kai ma kana ciwo? To kai wa zai duba ka?"

"Hajiya, in kin ji labarin wani mai kyau, ki aiko mini."

Ta yi dariya, sannan ta share ido da bakin mayafi. Ya rubuta wasiƙa mai tsawo da manyan baƙaƙe ya sa a ambulan. A bakin matakala ya ce mini, a hankali, duk wanda muka samu in gaya masa abin da nake gaya masa. Na ce to. A lokacin na ɗauka abu ne mai sauƙi.

Wani asibitin gwamnati muka fara zuwa, a tasi. Mutane cike har waje, kuma mutum ɗaya ake bari ya shiga da yaro. Inna ta shiga, ni na zauna a benci da gorar ruwa. Sau uku muka je, kowane zuwa likita daban. An karɓi wasiƙar an sa a fayil, can ta zauna. Inna ta ce gwiwarta ba za ta iya wannan layi ba. Muka yi wata biyu ba likita, sai ƙwayoyin da muka saba saye a kemis, da rubutun da ake karɓo mata, da wani agbo, jiƙon Yarabawa mai ɗaci, da maƙwabciyarmu ta kawo, wanda yarinyar ta amayar a kan zanin Inna.

Daga baya aka yi mana kwatancen wani matashin likita, shi ma nan Mokola. Mutum ne mai fara'a, mai sauri, ba ya jin Hausa. Wannan ba komai ba ne, ni a Sabo aka haife ni, ina jin Yarabanci, Inna ma tana da na kasuwa. Zuwan farko ya tambaya wace ce uwar yarinyar.

Inna ta ce, "Ni ce."

A wajenmu ba ƙarya ta yi ba. Ya dubi furfurarta ya yi murmushi, bai ja maganar ba. Ni ina tsaye a jikin ƙofa. Daga ranar Inna yake yi wa tambaya, kuma in ya rubuta magani ni yake miƙa wa in kai, tunda ni ce ƙarama. Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba.

Da damina ne, wata Laraba. Na ja ta bayan ƙofa kamar kullum, ba ta yi dariya ba, ba ta karɓi ƙulin ba. Na ɗora yatsu. Na ɗaga na sake ɗorawa. Huɗu. Cikin idonta fari kamar takarda.

Da Inna ta fito daga wanka na ce, "Inna, kamar jikin yarinyar nan ba daɗi. Ko a kai ta?"

Iyakar abin da bakina ya iya ke nan. Muka tafi. Ranar yara sun yi yawa a wurin, kowa da zazzaɓi. Inna ta ce zazzaɓi ne, ta ƙi cin abinci tun jiya. Matashin likitan ya taɓa goshinta, ya sa mata ma'aunin zafi, ya rubuta allura. Yana miƙo mini takardar ya ce, "Akwai wani abu kuma?"

Inna tana kallona. Nas tana kallona. In na buɗe baki, na faɗa a gaban surukata ke nan cewa shekara uku ina tattaɓa 'yar fari a ɓoye, kuma na san jikinta fiye da wadda ta raine ta. Na ce babu.

Na sha juya wannan a raina. Ban sami wani bayani da ya wuce abin da na rubuta ba.

Muka dawo gida. Na ɗora gyaɗa a wuta ina suya, kunnena yana ɗakin Inna. Bayan azahar na ji yarinyar tana neman ruwa, muryarta can ƙasa. Na leƙa. Numfashinta sama-sama, cikin ya yi tauri, leɓɓanta sun bushe. Mata uku na zaune a tsakar gida, sun zo sayen mai. Na shiga ɗakin ba sallama, na ɗaga ta daga tabarmar Inna na saɓa ta a baya, na ja zani na ɗaure.

"Ke! Lafiyarki?"

"Inna, saifarta ce. Ta kai yatsa huɗu."

"Wa ya gaya miki?"

"Ni na auna."

Ban tsaya jin amsa ba. Na fita, ba izinin kowa. Rabon da in goya ta tun kafin yaye, ƙafafunta har cinyoyina. A ƙofar masallaci maza suna zaune, na ji wani yana cewa, "Kai, wannan ba uwarta ba ce?" Na wuce.

Ban koma wajen matashin ba. Da safe na ce masa babu, ban san da wace fuska zan koma ba. Akwai wata likita mace a kan titin da ya gangara daga shataletale, wadda ta taɓa karɓar haihuwar maƙwabciyarmu, ana cewa tana da faɗa. Can na nufa. Na wuce masu layi, na tura ƙofa, na faɗi komai da Yarabanci tun kafin a tambaye ni: ni na haife ta, sikila ce, saifarta kullum yatsa biyu, yau huɗu.

Mace ce gajera mai tabarau, za ta girme ni da shekara ashirin. Ta danna cikin, ta ja fatar ido, ta fara ƙwala wa ma'aikatanta kira. Ana cikin haka Inna ta iso tana haki, tare da ƙanen maigidana wanda ta taso daga shagonsa. Aka gwada jininsa ya yi daidai. Kafin magariba an rataya mata ledar jini.

Washegari da hantsi yarinyar ta buɗe ido ta ce tana son ƙosai. Sai a lokacin likitar ta kira mu ofishinta, ni da Inna.

"Wa ya koya miki awo?"

Na gaya mata.

"Yaushe kika ji ya kai huɗu?"

"Jiya da safe."

"Da safe. Kika kawo ta da la'asar. Bakin naki haya kika bayar?"

Na sunkuyar da kai. Inna ce ta amsa, da guntun Yarabancinta. Ta ce 'yar fari ce, a wajenmu uwa ba ta magana a kan 'yar fari, kunya ce, tarbiyya ce.

Likitar ta ce, "Mama, ku yi kunyarku a gida. A ɗakin nan wadda take awo ita ce za ta yi magana. In ba haka ba ku nemi wani wuri."

Inna ta juyo ta ce mini da Hausa, "Matar nan ko ɗigon ladabi ba ta da shi. Dubi yadda take nuna ni da biro." Ta gyara mayafi. "Nan za mu riƙa zuwa."

Shekara bakwai muna zuwa. A Sabo an yi ta maganata har wani abin ya taso aka manta. A gida ban canza da yawa ba, Inna ce dai Innarta, a ɗakinta take kwana. Sai dai awon ya bar bayan ƙofa. Da hantsi Inna takan ce, "Ƙawata, je ki Yayarki ta latsa ki," ta juya mana baya tana jan carbi. Sau biyu aka sake yi mata ƙarin jini, duka biyun da wuri muka je. Ta shiga firamare, ta kai izu goma a Islamiyya.

Tana shekara goma sha biyu ciwon ya kama ƙirjinta. Kwana uku muka yi a asibitin. Wannan karon ba abin da na gani ban faɗa ba. Allah ya karɓi abarsa ranar Asabar da safe.

Ranar sadakar uku likitar ta zo Sabo, ta ɗaura ɗankwali a karkace. Mata suka nuna mata ɗakin Inna, don can ake karɓar gaisuwa. Ta shiga ta durƙusa ta gaishe ta. Da ta fito ta tsaya a tsakar gida tana dube-dube, har ta hango ni a bakin murhu ina tuyar waina. Ta zo ta tsuguna kusa da ni cikin hayaƙi, ta yi mini gaisuwa irin tasu, ta daɗe tana yi. Mata suna kallo. Na ce mata na gode, Allah ya ba da lada. Na zuba mata waina a leda, na raka ta har zaure, na dawo na kwashe na kan wuta.