Gaisuwa a Bayan Labule

'Yata tana da shekara goma sha ɗaya ta dawo daga makaranta tana jan wani ƙaton gogen Turawa da ya fi ta tsayi, irin wanda a tsaye ake goga shi. Na ce, "Duk kayan kiɗan makarantar nan, wannan jibgegen kika gani?" Ta ce shi ne babu mai so.

A hawa na uku muke a garin Hyattsville, nan ƙasar Turawa, kuma babu lif. Haka take kinkimarsa sama da ƙasa, har yatsunta suka yi kanta kamar na manomi. Layi ɗaya na kiɗa sai ta maimaita shi tun daga fitata asibiti aiki har dawowata. Ban taɓa ganin naci irin nata ba.

Da ta gama makarantar kiɗa, aka sami gurbi ɗaya a wata babbar ƙungiyar makaɗa a Virginia. Wajen gwajinsu labule ake sawa tsakanin alƙalai da mai kiɗa, kuma ba a yarda ka ce uffan ba, don kada a gane ko wane ne.

Ni kuwa tun tana rarrafe na kafa mata doka: ba a shiga gaban manya baki rufe. A cocinmu da gaisuwarta ake misali, kaina har kumbura yake yi. Ranar gwajin ta shiga, ta ji tarin wani dattijo a bayan labule, sai gwiwa ta rusuna da kanta, baki ya gaishe su. Nan take aka fito da ita.

A mota ta ce, "Mama, ko tsirkiya ban taɓa ba."

Na buɗe ƙofa zan shiga wajen alƙalan in ji tun yaushe gaisuwa ta zama laifi. Ta riƙe hannuna. "Don irina aka yi dokar nan, Mama. Don su ji hannuna kafin su ga fuskata." Kunya ta kama ni, na koma na zauna.

Bayan wata bakwai aka sake samun gurbi, a Maryland. Ta rataye zanen gado a tsakiyar falo, ta zaunar da ni a bayansa, ta ce in yi tari, ita kuma za ta koyi shigowa ba gaisuwa. Na yi tarin. Na ji shigowarta shiru, a gidana, raina ya ɗan sosu. Sai ta fara.

Wannan gurbin ita aka ba. Amma ni tun a falon na sani. Ban ga fuskarta ba, ban ga ko ta gyara gashi ko ta ci abinci ba, sautin kawai nake ji yana ratsa ƙirjina. Ashe duk shekarun nan ƙara nake ji, ban taɓa saurarenta ba. Na toshe bakina da gefen zanena don kada kukana ya katse ta.