Faci uku a hanyar Zikrit

Shekarun baya kaɗan, a lokacin sanyin da likita ya tabbatar mini ina da ciwon suga, na yi wata tafiya a keke da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Wannan ciwo shi ya kwantar da mahaifina yana kusan shekaruna, bai kuma tashi ba. Shi ya sa da aka faɗa mini, sai na ɗauka tawa ta ƙare. Daga ofis a unguwar Mushairib ta birnin Doha, a Qatar inda nake aiki, sai gida, daga gida sai kujera. Maiɗakina kaɗai ta sani, ita ma na ce ta rufa mini asiri.

Ana haka abokaina biyu suka zo da shawara. Ɗaya injiniya ne ɗan Jos, ɗayan malamin jami'a ɗan Zariya. Wai mu hau keke daga Doha mu nausa yamma, mu ratsa duwatsun Zikrit, mu kwana a bakin teku, washegari mu dawo. Maimakon in ce ba zan iya ba, sai bakina ya riga ni. Na ce, "Ni za ku nuna wa keke? Shekara shida ina tuƙa na babana zuwa makaranta, ƙafata ko feda ba ta kaiwa sosai." A zuciya kuwa wani abu daban na ƙulla: in na kai tekun nan da ƙafafuna, to da sauran kwanana a gaba. In kuma aka ɗauko ni a mota, na san abin da ya rage.

Na sayi sabon keke mai tsada, har da hular kwano. Injiniya kuwa wani tsohon keke ya sayo a kasuwar gwanjo ta Najma, ya ɗaure masa tukunya, tabarma da ƙunshin kilishi a kariya. Tun daga bakin gari nake yi masa tsiya.

Ba mu yi rabin hanya ba jikina ya fara ba ni labari. Cinyoyi suka yi nauyi, ido ya fara ganin dishi-dishi. Amma wanda ya cika baki da safe ina zai samu bakin cewa a tsaya? Ina cikin wannan hali sai na ji Injiniya daga baya: "Kash! Malam, ku dakata, tayata ta yi faci." Ya tura keken can gefe ya kifa shi, ya ba mu baya. Ya ce, "Ku zauna ku ci dabino, yanzu zan gama." Na zube a inuwar wani allon hanya kamar buhun gero. Da numfashina ya dawo, abin da na fara cewa shi ne, "Ai na gaya maka, kayan Najma sai haƙuri." Ya yi dariya ya ce, "Wallahi ka faɗa, Alhaji. Yalla, mu je."

Bayan azahar aka sake yin faci. Da muka bar kwalta muka shiga tsakanin fararen duwatsun nan da iska ta sassaƙe, inda yashi ke riƙe taya, aka yi na uku. Injiniya ya dubi duwatsun ya ce in a Jos ne ko suna ba za a sa musu ba, amma ni ranar sun zame mini tsauni. Duk tsayawar nan tasa ba ta hana ni mita ba, ina cewa keken gwanjo zai sa magariba ta riske mu a hanya. Malam dai murmushi kawai yake yi.

Rana na shirin faɗuwa muka hango teku. Na jingine keke, na cire takalmi, na shiga ruwan har gwiwa. Na yi kamar ina wanke fuska don kada su ga hawaye. Muka yi sallah a kan yashi, muka dafa shayi, na ce nawa kada a sa suga, wai na fi son ɗacinsa. Barci kuwa ban san lokacin da ya ɗauke ni ba.

Da safe ina neman ashana a jakar Injiniya sai hannuna ya faɗa kan kayan facinsa. Robar faci tana cikin ledarta ba a yaga ba. Sholishon ko huda bakinsa ba a yi ba. Na daɗe a tsugune ina juya su. Ashe iska kawai yake sacewa, ya jira in farfaɗo, ya sake bugawa da famfo, ni kuma ina kwance ina yi masa ba'a.

Na same shi yana naɗe tabarma, na nuna masa sholishon. Na ce, "Injiniya, da me ka yi facin jiya?" Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Alhaji, keken Najma ne, ka san halinsa. Khalas, shi ke nan, zo ka kama mini igiyar nan." Bai tambaye ni komai ba. A hanyar dawowa, ba mu yi nisa ba na ja birki na ce, "Na gaji, mu tsaya." A nan gefen titi na gaya musu ciwona. Malam ya ce tun ranar da na daina shan shayin karak mai madara da suga a majalisa suka sha jinin jikinsu, suna dai jira ne in faɗa da bakina.

Da can ina ɗauka taimako sai an gan shi an yi godiya. Injiniya kuwa, bawan Allah, ya yini yana shan tsiyata don kada girmana ya zube, kuma har yau bai amsa cewa ya yi ba. Da aikinsa ya ƙare zai koma gida, sai ya bar mini keken. Shi nake hawa duk Juma'a da safe, mai tsadar yana jingine ƙura ta rufe shi. Tun da ya zo hannuna, tayar nan ba ta taɓa yin faci ba.