Yadda Malam Zakiyyu Ya Bar Duba Shanu

Shekara goma sha tara Malam Zakiyyu ya yi yana duba shanu a rugagen Kusada. Mutumin Kankia ne, ɗan mahauta, shi kaɗai a gidansu ya karanci aikin dabbobi. Fulanin ƙauyen Kaikai sun saba da shi har sukan bar shi ya shiga garke ba rakiya.

Bara wani kamfani ya ba shi manhaja a waya, mai aiki da ƙirƙirarriyar basira. In ya ɗauki hoton bakin saniya ko kofatonta, sai ta gaya masa ciwon da ke damunta. Amma sai an shigar da sunan mai garke, da yawan shanunsa, da inda suke kiwo. Bubayero, dattijon da ya fi kowa shanu a wajen, ya ƙi.

"Malam, mu ba mu faɗin yawan dabbobinmu."

"Baba, daga ni sai kamfanin. Ba mai gani."

Don shi ne, Bubayero ya yarda.

Bayan wata huɗu ɓarayi suka tare 'ya'yan Bubayero a wurin kiwo da hantsi. Suka harbe babban, Ummaru, suka kora shanun. Ƙanen da ya tsira ya ce sun kira sunan mahaifinsu, har sun tambayi inda shanu bakwai ɗin da aka ware saboda ciwo suke. Ban da 'yan gida, Zakiyyu kaɗai ya san da bakwai ɗin nan.

Da ya je ta'aziyya ba wanda ya matsa masa a tabarma. Washegari aka kama shi. Kwana tara ya yi a tsare, ana kiransa infoma.

Bayan an sake shi wata Jamilatu ta kira daga kamfanin. Ta ce wani sashe na manhajar ba su suka rubuta ba, ɗaukowa suka yi daga wasu. Masu kutse sun cusa wa sashen mugun abu, ranar da aka sabunta manhajar ya fara kwashe bayanan mutane yana turawa waje.

"Mu ma ba mu sani ba, Malam."

"To ki zo Kaikai ki faɗa musu."

Ba ta zo ba, takarda ta aiko, da Turanci. Ya kai wa Bubayero, ya fassara masa layi-layi.

"Na yarda ba ka sayar da mu ba," in ji tsohon. "Amma ni ban san kamfani ba. Kai na faɗa wa."

Garke talatin da ɗaya Zakiyyu ya shigar a wayar. Ya bi masu su ɗaya bayan ɗaya, ya ce su sauya wurin kiwo. Wasu sun tashi gaba ɗaya, wasu ko sallamarsa ba su amsa ba.

Yanzu maganin kaji yake sayarwa a wani ƙaramin shago a Kankia. Duk sanda aka ce an kora shanu a wani wuri, yakan ajiye abin da ke hannunsa ya tambayi sunan mai garken.