Kilomitan da ban taka ba

"Duba, Kawu, tun daga Konni har nan Tsarnawa a kan keke!" Na miƙa masa wayata, manhajar auna tafiya ta zana hanyar tsaf.

Kawu ya tsufa yana kai albasa kasuwa a keke. Ya dube ni. "Ko zufa babu, ɗana?"

Ban kai ga amsawa ba sai ga mai amalanken jaki, wanda ya kwaso ni da keken a rabin hanya, da numfashina ya ƙare. "Malam, ka mance hularka."

Kawu ya ce, "A fara ba jakin ruwa."

Manhajar ba ta bambance ƙafata da ta jaki, amma ni ai na sani. Da ku ne, da wane ido za ku koma gidan Kawu?