Ta'aziyya a Wurin Gwanjo

Maƙwabcina a unguwar Glenwood tsohon soja ne, Bature, kuma mafaɗaci na bugawa a jarida. Baba Soja nake ce masa. Yaƙin Biyetnam ya cinye masa ƙafar hagu tun yana saurayi, matarsa ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa biyu suna wasu jihohi. Aikinsa kullum ya zauna a baranda gindin tutarsa yana zagin 'yan jami'ar da ke wucewa a kan kekuna.

"Dube su," yakan ce mini. "Saboda waɗannan na baro ƙafata a daji. Ba coci, ba aure, ba gaisuwa. Ƙasar nan ta mutu, binne ta ne kawai ba a yi ba."

Wani lokaci har mu baƙi yake haɗawa a zagin, sai ya tuna ina tsaye, ya ce ban da ni. Ni kuwa ba na raga masa. Nakan ce kakana ya je Bama ya yi wa Turawan Ingila yaƙi, ya dawo da tarin da ya kashe shi, ko na gode ba wanda ya ce masa, don haka ya daina yi mini kurin jini. Mu yi ta yi har maman yarana ta leƙo ta ce abinci na hucewa.

Wata la'asar na same shi bai da bakin faɗa. Ya ce a yaƙi shi ya riƙa ɗauko gawar abokansa a kafaɗa, don ba a barin naka a daji ko da wuta ake zubawa. Ya ce yana da gurbi kusa da matarsa a maƙabartar wata ƙaramar coci a McLeansville, amma bai san wa zai kai shi ba. Na ce, "Baba, addininmu ba ɗaya ba ne, amma maƙwabci maƙwabci ne. In ina numfashi, ina cikin masu raka ka." Ya kama hannuna ya riƙe.

Tirela nake ja, ina kwana a hanya. Ina can wajen Texas maman yara ta bugo ta ce motar asibiti ta tafi da Baba Soja, kuma an ce ya cika. Na yi ta neman lambar 'ya'yansa ban samu ba. Kafin in sauke kaya in juyo, mako ya zagayo.

Ran Asabar da hantsi na buɗe labule na ga motoci sun cika layi, mutane na shiga gidansa suna fita. Wallahi daɗi ya kama ni. Na ce ashe tsohon nan yana da jama'a, ashe zaginsu yake a banza. Na sa maman yara ta ɗora shinkafa, don ba a zuwa gidan makoki hannu rabbana. Na zuba babbar riga da hula. Babban ɗana, wanda ke aikin kwamfuta, ya zo gaishe mu, na ɗora masa kular abinci muka tsallaka.

Tun daga bakin ƙofa na fara ba mutane hannu ina cewa su yi haƙuri, rashi ne namu duka. Wani ya dube ni kamar na ci masa bashi. Wata tsohuwa ta rungume fitilar tebur ta ja baya. Ni ban fahimta ba, na ɗauka zafin mutuwa ne. Sai da ɗana ya taɓa ni ya ce, "Baba, duba jikin kujerar."

'Yar takarda ce manne, da farashi. Akwai a jikin kujera, akwai a tukwane, akwai a sandar da yake dogarawa. Ashe gwanjo ake yi. Duk waɗanda na yi wa ta'aziyya masu neman araha ne.

A falo na tarar da wani ɗan jami'a ya zura kakin Baba Soja, da lambobin yabo a ƙirji, yana sara wa madubi, budurwarsa na ɗaukarsa a waya suna ƙyaƙyata dariya. Wai na shigar dodannin da suke yi a ƙarshen Oktoba ne. Na ce masa da Turanci ya tuɓe, mai rigar nan ko sanyi bai gama yi ba. Ya ce ai ya biya.

'Yar marigayin ta fito, mace mai fara'a, ta ce mahaifinta yana yawan maganata. Na yi mata gaisuwa, na tambaye ta yaushe za a kai shi McLeansville. Ta ce ai an riga an ƙona shi, tokar tana wajen kamfani za su aiko mata ta gidan waya. In bazara ta yi, kowa ya sami sarari, wataƙila su taru su tuna da shi. Na ce ya gaya mini yana son kwanciya kusa da matarsa. Ta ce ta sani, amma jirginta gobe ne, ɗan'uwanta kuma bai sami hutu ba. Ta dubi kular ta ce mun kyauta, sai dai ba ta da inda za ta sa.

Mutumin da ya ɗauki gawar 'ya'yan wasu a ƙarƙashin harsashi, nasa 'ya'yan za su karɓe shi a kwali daga hannun ɗan aike. Ni da na yi alkawari ko makarar da zan kama ban samu ba. Na so in yi mata tatas, amma marainiya ce, kuma gidan ubanta ne. Na haɗiye, na fito ina huci.

A ƙofar gidanmu na sauke wa ɗana duk abin da na haɗiye. Na zagi ƙasar, na zagi tarbiyyarsu, na ce ko kaza ta mutu a garinmu maƙwabta sun fi haka jajantawa. Ya bari na gama, sannan ya amsa da Turanci, a natse, cewa in yi wa 'yar marigayin adalci. Mutane suna da aiki, ba kowa ke iya ajiye komai ya zauna a tabarma ba.

Na ce, "To kai, ran da tawa ta zo, kwana nawa za ka zauna?"

Na ɗauka zai ce haba Baba, ko ya ce Allah ya ƙara nisan kwana. Sai ya ajiye kular a ƙasa, ya zaro waya daga aljihu, ya fara duba kwanakin hutun makoki da kamfaninsu ya yarda a ɗauka.