Ciyawar da Hallbera ba ta yanka ba

Hallbera ta zo kwarinmu na arewacin Iceland a 1961, amaryar Hjalti mai tumaki, daga bakin tekun kudu. Surukarta tana kwance a lokacin, ciwon ajali ya riga ya kama ta. Ta kira amaryar ta ce mata ciyawar da ke gaban Dutsen Toka ta ɓoyayyun mutane ce, wato aljanun da ke zaune cikin dutsen, da ita suke ciyar da shanunsu, kada lauje ya taɓa ta. Bayan sati uku ta rasu.

Hallbera ta riƙe maganar shekara hamsin da biyu. Hjalti ba ya kula da irin waɗannan abubuwa, ya bar mata. Ko a shekarar da sanyi ya ƙone ciyawa har suka yanka tumaki talatin don rashin abinci, ba ta yarda an taɓa wurin ba. Da Hjalti ya ɓace a dusar ƙanƙara yana neman tumaki, da ɗanta ya tafi birni bai dawo ba, abu ɗaya take faɗa: ita dai ba ta ci amanar kowa ba.

Ni ne magatakardan coci tun zamanin faston da ya koya mana rubutu da bulala. Da ƙafafun Hallbera suka gaza aka kai ta gidan tsofaffi, aka sayar da gonar, sai ta aiko a kira ni.

"Asgrimur, tsohon ɓeran takarda, zauna ka rubuta wa masu sayen nan kada su taɓa ciyawar dutsen. Yaran birni ne, da tarakta za su bi ta kan komai."

"To, Hallbera tawa. Wane gefe zan ce?"

"Gaban dutsen mana, wajen teku. Ko kunnen ma ya mutu?"

Alƙalamin ya tsaya a hannuna. A kudu, in an ce gaba, wajen teku ake nufi. Mu nan kwarin, gaba shi ne wajen duwatsu, inda kogi ya fito. Surukarta 'yar nan ce, ba ta taɓa fita kwarin ba. Na ce na manta tabarau, na koma na duba tsohon littafin gonaki na coci. Wajen duwatsu aka rubuta cewa ciyawar ɓoyayyun mutanen take. Kowace bazara wannan gefen Hallbera take fara yankewa, don ciyawarsa ta fi tsawo.

Washegari na kawo wasiƙar na karanta mata: kada a yanka ciyawa a kowane gefe na dutsen.

"Kowane gefe? Wa ya ce maka haka? Kai da ko waƙafi ba ka ƙarawa a magana."

Na ce don a tabbata ne. Ta daɗe tana kallona, kofinta na hucewa.

"Gaba," ta ce a hankali, da irin lafazinmu. "Ashe ku nan wajen duwatsu kuke nufi…"



"Hjalti ta wajen duwatsu ya bi ran da ya ɓace," ta ce.

Na ce guguwa ce kawai, mutum uku ta kashe a gundumar.

"Ba ni alƙalamin."

Ta sa hannu, ta juya fuskarta bango. Na ziyarce ta sau huɗu kafin ta rasu a watan Nuwamba, ba ta ƙara cewa ba ta ci amanar kowa ba.