Ƙararrawar Obed Mai Dasasshiyar Murya

A garinmu Munda har yau ƙasa ba ta gama amayar da yaƙin duniya ba. Sai ka shiga gona haƙar dankali ka fito da hular kwano. Mu abincin aladu muke zubawa a ciki. Maƙwabcina Obed Kerabangara kuwa wankewa yake, ya jera a rumfar da ke bayan gidansa, tare da cokulan sojoji, da kwalaben magani, da fiffiken jirgin sama da ya dasa da siminti. Kafinta ne, amma tun yana saurayi rumfar nan ta cinye shi.

Kowane coci a yankinmu da kwanson bam yake kiran jama'a, wanda aka kwashe cikinsa tun zamanin kakanni. Obed ma ya tono nasa a fadama, ya rataye a mangwaron ƙofar rumfa. Da baƙi masu zuwa kallon rumfar sun sauko daga kwalekwale sai ya ɗauki guduma ya buga. Na coci yana waƙa har tsallaken ruwa, nasa kuwa sai dai "dum", kamar an daki buhun shinkafa.

"Tsoho, ƙararrawarka mura take yi," in ji matarsa Nelma. "Irin muryarka ce sak."

Ranar da Merina, 'yar ƙanwarsa, ta dawo daga Honiara, babban birninmu, da kakin 'yan sanda masu kwance bam, ya buga mata don murna. Sau ɗaya. Ya ɗaga hannu zai ƙara.

"Kawu! Kada ka motsa!"

Ta zagaya ƙarfen a hankali, ta leƙa gindinsa. Na ga gumi yana zuba daga haɓarta.

"Wa ya kwashe cikinsa?"

"Ai na zaci ruwa ya kwashe."

"Ruwa! Kawu, cike yake. Shi ya sa ba ya amo."

Nelma ta zauna a ƙasa daɓas. A gindin mangwaron nan ta yaye 'ya'yanta duka. Ni ma a nan nake shan inuwa, kaina jingine da itacen.

Abokan aikin Merina suka ce ba mai sauke shi, a inda yake za a tarwatsa shi. Obed ya roƙa a bar masa rumfarsa.

"Ko rumfa ko unguwa, Kawu."

Muka kwashe abin da hannu zai ɗauka, muna sanɗa kamar ɓarayi. Fiffiken ya ƙi fita daga siminti. Daga bakin teku muka ji ƙarar, tsuntsaye suka rufe sama, ruwa ya yi rawa a ƙafafunmu.

Da muka koma babu mangwaro, babu rumfa, babu fiffike. Sai rami mai hayaƙi. Samari suka zo da shebur za su cike. Obed ya tare su, gudumar tana hannunsa har lokacin.

"Ku bar shi. Ku kewaye min shi da igiya. Wannan za a fara nuna wa baƙi."